Zuwa ga ƙawata ta kaina

Ƙawas salamu alaikum, ya yara ya maigidan? Na san kina can kina cika kina batsewa wai na share ki, to ki huce, sai daren jiya na samu na yi barcin kirki.

Kin tuna yaron Yaya da aka haifa da ƙullin nan a gadon baya, daga baya kansa ya riƙa kumbura? Tun lokacin tsoro ya shige ni, shi ya sa da na je awo ina sati 16 na ce wa likita ta yi min duk gwajin da ta sani. Aka ɗebi jini aka yi wani wai shi AFP, sakamako ya fito ya hau sama. Wallahi sai da gwiwata ta yi sanyi. Ta ce in kwantar da hankali gwajin ba ya yanke hukunci, yakan hau in laka ko ƙoƙon kan jariri bai rufe ba, yakan hau kuma in an yi kuskuren lissafin ciki ko in 'yan biyu ne, sai dai a yi sikanin a gani. Ni ina na ji sauran, maganar farkon kawai na ƙullo na taho gida. Mutuminki yana ta ce min in bar wa Allah, shi da ya kasa cin tuwo.

Jiya aka yi hoton. Matar ta shafa min man nan mai sanyi ta yi gum tana ta yawo da abin, can ta juyo min allon ta ce ga kai ɗaya, ga na biyu. Tagwaye ne ƙawas! Ta bi ƙashin bayan kowanne gaɓa-gaɓa ta ce ba ta ga matsala ba, amma in koma a sati 20 a sake dubawa da kyau. Goggo har ta fara wai gadon danginsu ne, mu namu oho.

Ke kuma da kike son yi wa Auta ƙani, ki fara shan folik asid tun yanzu, 'yar ƙwayar nan ruwan ɗorawa da muke watsarwa bayan gado. Wurin lakar jariri yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, kafin mace ta gama tantance ɓatan wata, shi ya sa ake sha tun kafin a ɗauki cikin. Irin su Yaya ma mai ƙarfi ake ba su, miligiram 5.

Af, an sa ranar 'yar gidan Hajiya, ankon tsada kamar me, ni da wannan cikin ban san yadi nawa zan saya ba. Ki kira ni da daddare in ba ki labarin angon.

Taki har kullum.