Zuwa Ga Uwata, Kan Gurbin Da Bai Samu Ba

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da gwaggonki da yaran gidan baki ɗaya. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ummanki ta faɗa mini yadda kuka yi a waya. Ta ce tun da jerin sunaye na biyu na waɗanda jami'a ta ɗauka ya fito ba ki ga naki ba, ba kya cin abincin kirki, har kina cewa kunyar dawowa gida kike ji. Na so in kira ki, amma na san halinki, kuka za ki sa mini mu rabu ban faɗi rabin abin da ke bakina ba. Shi ya sa na zauna na rubuto. Ki karanta a tsanake, in kin gama ki ba gwaggonki ita ma ta duba.

Maganar kunya dai ki cire ta daga ranki tun yanzu. Kunyar wa? Ba ki faɗi jarrabawa ba. A shekarar 2025 kusan mutum miliyan 2 suka zauna jarrabawar JAMB, kuma da sakamako ya fito sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. A 2024 ma kusan kashi uku cikin huɗu ne suka tsaya ƙasa da 200. Ke kuwa kin haura 200 da tazara mai kyau, ga kiredit ɗinki na WAEC a zama ɗaya. Abin da ya faru shi ne kin nemi likitanci, kuma kin neme shi a ɗaya daga cikin tsofaffin jami'o'in da kowane uba a Arewa yake son a ce 'yarsa tana can. Kin shiga layin da ya fi kowane layi tsawo a ƙasar nan, kujerun kuma 'yan kaɗan ne.

Na ji kin ce wa ummanki, "To ba cewa aka yi 150 ne makin shiga jami'a ba?" Haka ne, a 2025 abin da aka tsayar ke nan, amma wancan shi ne mafi ƙanƙantar makin da za a yarda a dubi takardar mutum ma. Kowace jami'a tana da nata, kowane sashe kuma yana da nasa a kan na jami'ar, sannan a haɗa da sakamakon Post-UTME, wato tantancewar da jami'a ke yi da kanta bayan JAMB. Likitanci kuma yana da wani takunkumi na daban. Hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke yanka wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwajinta da gadajen asibitin koyarwarta. Ko shugaban jami'a yana ƙaunarki kamar ransa, in ya wuce adadin nan ya jawo wa makarantarsa hukunci. Ni kuma ban ga laifin tsarin ba, domin ba na son ranar da zan kwanta ciwo a kawo mini likitan da ya koyi aiki yana leƙe ta bayan kawunan mutum ɗari.

Su 'yan kujerun ma ba a jera su daga mai maki mafi yawa zuwa ƙasa kawai. A jami'o'in tarayya ana raba su ne kashi uku: 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi kowa maki ko daga ina suka fito, 35 ga 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 kuma ga jihohin da ake ganin an bar su baya a karatun boko. Wannan ne ya sa ƙawarki da kika fi ta maki ta samu, ke ba ki samu ba. Ba lallai ne an yi cuwa-cuwa ba, wataƙila jiharta ce ba ta da masu nema da yawa. Ki kira ta ki yi mata murna da zuciya ɗaya. Na ji an ce ba ki ɗaga wayarta ba, kuma wannan bai yi mini daɗi ba.

Akwai abin da yara da yawa ba su sani ba sai sun ƙone. Makarantar da kika rubuta a matsayin zaɓi na biyu, galibi suna ne kawai a takarda. Manyan jami'o'i sukan cika gurabensu da waɗanda suka sa su a farko, har su bar dubbai a waje, to ina za su waiwayi wanda ya sa su a na biyu? Don haka kada ki zauna kina jiran ta biyun ta kira ki. In ana son wata jami'a ta dube ki, sai an je cibiyar da JAMB ta amince da ita an biya kuɗin canji, an mai da ita ta farko, kuma kafin ta rufe tantancewarta.

Yanzu ga inda muke. Jami'ar da kike so ta yi miki tayin wani kwas na kimiyya da ba ki nema ba, yana nan a shafinki na CAPS, wato tsarin intanet da JAMB ke ba da gurbi ta cikinsa, yana jiran ki amsa ko ki ƙi. Kawunki ya ce ki karɓa kawai, wai guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, in kin shiga kya canja zuwa likitanci bayan aji ɗaya. Ina girmama maganarsa, amma a nan ban bi shi ba. Na koyar shekaru masu yawa, na ga ɗalibaina da dama sun shiga da wannan niyya. Kujerun likitanci a cike suke tun daga ajin farko, waɗanda ke ciki ma rage su ake yi kafin su haye aji biyu, balle a buɗe wa na waje. Akan samu mai sa'a jefi-jefi, sai dai ba a ɗora shekara huɗu ta rayuwar mutum a kan jefi-jefi. Yawancinsu haka suka ƙare kwas ɗin suna jin haushinsa, suka fito da sakamako mai rauni, saboda zuciyarsu tana wani gini daban. In za ki karɓi kwas ɗin nan, ki karɓe shi don kin bincika kin ga za ki iya son sa, kin kuma ga inda yake kai mutum. Kuma ki sani, da zarar kin danna amincewa, wata makaranta ba za ta ƙara yi miki tayi a wannan shekarar ba.

Tambayar da nake so ki yi wa kanki, ki kuma ba ni amsa ba tare da kin yi mini kara ba, ita ce: me kike so a gaskiya, aikin ko sunan makarantar? Tun kina 'yar firamare kike cewa asibiti za ki yi aiki. Ban taɓa jin kin ambaci wata jami'a ba sai da kika shiga babbar sakandare, 'yan ajinku suka fara gasar wa zai je ina. In aikin kike so, ƙofofinsa sun fi ɗaya. A 2011 gwamnatin tarayya ta buɗe jami'o'i a Dutse da Dutsin-Ma da Kashere da Lafiya da wasu garuruwan, a 2013 aka ƙara Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa, a 2021 kuma aka kafa wadda ta keɓanta da kimiyyar lafiya a Azare. Ga na jihohi kuma. Ba duka ke koyar da likitanci ba, amma wasunsu suna yi, wasu suna da aikin jinya ko gwaje-gwajen asibiti ko haɗa magunguna, kuma cunkoson bai kai na tsofaffin ba. Na san abin da za ki ce, wai ƙananan makarantu ne. Jami'ar Bayero da ake rububinta yau, kwaleji ce a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello kafin ta tsaya da ƙafarta a 1977. Ita kanta ta Zariya da ɗalibai 'yan ɗaruruwa ta buɗe a 1962.

Ba zan ruɗe ki in ce duk ɗaya ne ba. Tsohuwar jami'a tana da manyan farfesoshi, da ɗakin karatu mai tarihi, da asibitin koyarwa irin na Shika ko na Malam Aminu Kano inda ɗalibi zai ga cututtuka iri-iri, ga tsofaffin ɗalibai a kowace ma'aikata masu iya kama hannun na baya. Wannan riba ce ta gaske, kuma kin rasa ta a bana. Amma lasisin da ake ba likita ko ma'aikaciyar jinya iri ɗaya ne ko daga ina ta fito, majiyyaci kuma ba ya tambayar inda aka yi karatu kafin ya miƙa hannu a ɗaura masa ruwa.

Inda nake so mu yi taka-tsantsan sosai shi ne amincewar hukuma. Duk makarantar da za mu koma, sai mun tabbatar hukumar jami'o'i ta NUC ta amince da wannan kwas ɗin kansa, ba jami'ar kawai ba, sannan hukumar sana'ar ita ma ta amince: MDCN in likitanci ne, majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma in jinya ce. An sha ganin ɗalibai sun kai tsakiyar karatu sun tsaya cik, shekara da shekaru, saboda makarantarsu ta ɗebe su kafin ta sami izini. Wannan binciken ni zan yi shi da kaina, har tattaki zan yi in ga wurin, in ga ɗakin kwanan 'yan mata, in tambayi lafiyar hanya. Ba zan tura ki inda hankalina ba zai kwanta ba duk ranar da kika hau mota.

In kuma kin ce ke dai likitanci, kuma a can ɗin da kika ƙwallafa rai, to akwai sake zama jarrabawa baɗi. Ban hana ba, amma ki san farashinsa. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, makin nan naki mai kyau zai mutu da shekarar, ki koma ki faro daga sifili tare da sababbin yaran da suka fito daga aji da karatunsu ɗanye. Zaman gida yana cin karatu. Wata biyun farko za ki riƙe littafi, daga nan sai aikin gida da biki da waya su raba ki da shi, ga masu sallama a ƙofar gida da za su fara yawa, ga 'yan uwa masu cewa tunda tana zaune ai gara a yi mata aure. Ki tuna kuma likitanci shekara shida ne in komai ya tafi daidai, kuma ba kullum yake tafiya daidai ba: yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 kaɗai wata takwas ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Idan za ki sake, sharaɗina shi ne ba a zaune ba. Ki shiga IJMB, shirin nan da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, wanda ake yin darussa uku cikin kusan shekara guda, in an ci da kyau a nemi shiga aji biyu kai tsaye. Kina yi kina shirin JAMB, kin ga kin riƙe igiya biyu. Sai dai ta wannan hanyar ma kujerun likitanci kaɗan ne, kada wani ya ce miki tabbas ne. Kuma sau ɗaya na yarda a sake. In baɗi ma bai samu ba, za mu ɗauki abin da Allah Ya kawo.

Sai maganar mutumin nan da aka haɗa gwaggonki da shi, mai cewa yana da hanya, a ba shi kuɗi ya sa sunanki. Ki gaya mata na gode da ƙoƙarinta, amma ko sisi kada ta ba shi. Tun 2017 duk wani gurbi na gaskiya ta CAPS yake bi: makaranta ta gabatar da suna, JAMB ta amince, ɗalibi ya karɓa da hannunsa. Wanda aka shigar ta bayan gida zai iya zama a aji, ya biya kuɗin makaranta, ya rubuta jarrabawa har ya gama, ranar tafiya hidimar ƙasa a duba kundin JAMB a ce ba a san da shi ba. Wannan in ma an shigar da shi ke nan. Mafi yawa kuɗin ne ke tafiya, wayar mutumin ta daina shiga. Ko da kuwa zai yiwu, kujerar wata yarinya ce da ta fi ki cancanta za a zare a ba ki, ni kuma ba zan so ki fara aikin ceton rai da hakkin wani a wuyanki ba.

Wasu 'yan abubuwa da za ki yi cikin makon nan. Ki shiga shafinki ki tabbatar sakamakonki na WAEC yana kai, domin akwai masu maki mai yawa da suka rasa gurbi saboda kawai ba a ɗora shi ba. Kada ki ba kowa lambar sirrinki, har mai shagon intanet, ki shigar da ita da kanki, don akwai masu karambanin danna wa yaro amincewa ba da saninsa ba. Layin wayar da kika yi rajista da shi kuma ki riƙe shi da kyau, kada ki ara wa kowa. Tayin da ke shafin kada ki taɓa shi tukuna, amma yana da wa'adi, saboda haka kada mu yi sanya.

Batun kuɗi kada ya dame ki. Na san an ƙara kuɗin rajista a jami'o'i da yawa tun 2023, na kuma san kina lissafin fanshona a ranki. Wannan nawa ne ni da ummanki. In ta kama, akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati, za mu duba shi tare.

In kin tambaye ni ra'ayina, ni na fi karkata ga mu canja zuwa ɗaya daga cikin sababbin nan, ki nemi kwas na asibiti wanda makinki zai kai ki ba da roƙo ba, ki fara karatu bana. Amma ke za ki zauna a ajin, ba ni ba, don haka ba zan yanke miki ba. Ki yi istihara, ki kuma nemi ɗiyar maƙwabcin gwaggonki da ke aiki a asibiti ki tambaye ta yadda ranar aikinta take tun daga safe har dare, da abin da ta so a ce an gaya mata kafin ta shiga.

Ranar Asabar yayanki zai zo ya ɗauko ki. Ki zo da takardar sakamakonki ta JAMB da ta WAEC da katin NIN, ranar Litinin mu je cibiyar tare in mun tsai da magana. Ki gai da gwaggonki da maigidanta, ki ce ina nan tafe bayan an gama wannan hidima. Ummanki da ƙannenki suna gaishe ki.

Allah Ya yi miki albarka, Ya zaɓa miki mafi alheri.

Ni ne,
Babanki