Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Magina a Kumasi

Assalamu alaikum. Iyayenmu mastoci, shugaba da 'yan kwamiti, 'yan uwa magina da kafintoci da masu ɗaurin rodi, da yaranmu masu koyo, barkanmu da ganin ƙarshen shekara. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta shi dalla-dalla ranar taro, don haka kada ku nemi ko sidi ɗaya a wannan takarda. Nawa shi ne in faɗi abin da aka yi da abin da ya gagara.

Zumunci bai yanke ba. Mun je ta'aziyya, mun je suna, mun duba marasa lafiya. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikin shekarar nan, Allah Ya jiƙansu. Sauran rahoton kusan duk a kan abu ɗaya ne, horon zuba kankare da gyaran daɓe da kuka ɗora mana a taron bara.

Kun tuna dalilin. Yaro zai shekara biyu a bayan masta yana ɗaukar kwano a ka, ya iya hawa tsani da kaya, amma ka tambaye shi yashi nawa ake sa wa buhu ɗaya sai ya yi ta sosa ƙeya. Wani ɗan uwa ya ara mana filinsa a Asokore Mampong, muka mai da safiyar Asabar ranar koyo. Yara sun zo daga Aboabo, Asawase, Sawaba da Zangon Tafo, har da 'yan mata, kuma a gaya wa masu gunaguni cewa hannunsu a cokali ya fi na samari da yawa natsuwa.

Da awo aka fara. Kafintocinmu sun sayo katakon icen da ake kira wawa a Sokoban suka haɗa akwatin awo wanda ke cin buhun siminti ɗaya daidai, wato kilo 50, kusan lita 35. Da shi yara suka koyi 1:2:4, siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, na aikin yau da kullum; da 1:3:6 na shimfiɗar ƙarƙashin fandisho; da 1:1½:3 inda injiniya ya rubuta haka don ginshiƙi. Wasu manya sun ce kwano ya ishe mu tun kaka da kakanni. To, muka ba mutum uku kwano ɗaya kowa ya ciko yashi: wannan ya yi masa tozo, wancan ya shafe baki, na ukun ya ciko jiƙaƙƙe. Da aka juye a akwati babu biyun da suka zo ɗaya. Yashi mai danshi kumbura yake yi, yakan ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, sai ka ɗauka ka cika awo alhali ka rage. An kuma nuna musu gwajin kwalba: a zuba yashi da ruwa da ɗan gishiri, a girgiza, a ajiye. Laka takan kwanta a sama, idan ta yi kauri sai a mai da wa mai tifa kayansa. Rubutun jikin buhu ma yanzu suna dubawa, sun san 42.5R ya fi 32.5R ƙarfi, sun san ba a jibge siminti a ƙasa sai a kan katako, kuma wanda ya yi gudaji masu tauri ya tashi daga aiki.

Duk wannan bai ba mu wuya ba. Ruwa ne ya sha mana kai shekara guda cur, ta fuska biyu: lokacin kwaɓi yara suna malala shi, bayan an zuba kuma su hana shi.

Buhu ɗaya ba ya son fiye da lita 25 ko kusa da haka, cikin babban galan ɗin Kufuor ke nan, idan yashi jiƙaƙƙe ne ma a rage. Amma kwaɓi mai ruwa-ruwa ya fi daɗin shebur, ya fi saurin bin lungu, shi ya sa da masta ya juya baya sai ka ji bokiti. Magana ba ta shiga ba, sai Baba, dattijonmu da ya fi kowa daɗewa a sana'ar, ya ce a bar surutu. Ya sa aka zuba dunƙule biyu rana ɗaya daga siminti ɗaya, guda da ruwan awo, guda kamar koko. Aka rubuta musu kwanan wata da gawayi, aka bar su kwana 28 ana ba su ruwa tare. Ran da aka cika, ya miƙa wa yaron da ya fi kowa son bokiti guduma ya ce, "Ɗana, gaishe su." Na farko guduma ta yi tsalle ta bar ɗan farin tabo. Na biyun bugu uku ya dare, cikinsa duk ƙananan ramuka. Yaron ya tsuguna yana murza ɓarɓashin da yatsa, can ya ɗago ya ce, "Baba, ai ruwan ne ya tafi ya bar gurbinsa." Babu wanda ya gaya masa. Tun ran nan shi ne mai gadin galan.

Mun kuma ari mazubin gwajin laushi, mai tsawon milimita 300. Ana cika shi hawa uku, kowane hawa a soka rodi sau 25, a zare a auna yadda kwaɓin ya zauna. Injin girgiza sau biyu kawai muka iya haya. Sauran ranaku da guntun rodi ake caccakawa, ana bubbuga katako ta waje, don kada a kwance a tarar da jikin ginshiƙi kamar saƙar zuma. Biskit na ɗaga rodi daga katako, yara da kansu suke zuba su yanzu, ba sauran cusa ɓawon bulo ko guntun itace.

Gyaran fuskar daɓe aikin haƙuri ne, kuma a nan muka yi abin kunyar shekara. Ƙa'idar ba ta da yawa. A ja miƙaƙƙen katako a daidaita, sannan a janye hannu. Ruwa zai taso sama yana ƙyalli, kada a taɓa har sai ya ƙafe, yatsa ya bar ɗan gurbi kawai idan an danna. Sai katakon shafa, bayansa cokalin ƙarfe idan cikin ɗaki ne. Tsakar gida kuwa tsintsiya ake ja a kai don kada tsofaffi su zame da damina, a karkata shi kaɗan wajen kwata, a yanka layi duk bayan kamar mita uku domin in zai tsage ya tsage a inda muka zaɓa.

Duk mun san haka, amma da muka je aikin sadaka na daɓen wata makarantar allo cikin hunturu, ba mu bi ba. Aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta makara da tsakuwa, aka fara zubi bayan azahar. Magariba na matsowa, ruwa bai ƙafe ba, wani daga cikinmu, babba ba yaro ba, ya ɗebo busasshen siminti ya barbaɗa ya bi da cokali. Ya yi sheƙi kam, har malam ya sa albarka. Kashegari kowa ya ɗauka wani ne zai je ban ruwa, babu wanda ya je, iskar hunturu ta yi kwana biyu tana shan daɓen. Cikin sati biyu fuskar ta yi zane-zane kamar gindin tsohuwar tukunya, almajirai na tashi da farin gari a riguna. Rabin laifin nawa ne, ni ya kamata in rubuta wa zai je yaushe, ban rubuta ba. Muka fasa muka sake, daga aljihunmu.

Abin da yara suka kasa ganewa da farko shi ne siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwan yake ci a hankali. A kwana 7 yakan kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, a kwana 28 ake auna cikakken. Yanzu duk inda muka zuba akwai takardar ban ruwa ta kwana bakwai, safe da yamma, da sunan mutum a gaban kowace rana. Ana rufewa da jiƙaƙƙun buhunan algarara ko leda, a kan dekin kuma a yi ɗan kirinya da yashi a tare ruwa.

Cire gorar tokare shi ma mun tsaya a kansa. Katakon gefen ginshiƙi ana iya kwancewa bayan kwana ɗaya ko biyu, amma tokaren ƙarƙashin dekin sai sati biyu, na bim sati uku, ko da mai gida na kira yana cewa kafinta na jiran katakonsa. Mun tuna wa yara benen kantin da ya rushe a Achimota, Akra, a Nuwamban 2012, inda mutum 14 suka rasu. Yawancin yaran namu lokacin suna goye ko suna firamare.

Rauni ɗaya aka samu. Wani yaro ya yini cikin kwaɓi da silifa, da dare fatar idon sawunsa ta saɓule. Siminti yana ƙuna ba tare da an ji zafi nan take ba. Ya warke, kuma daga ranar ba mai shiga fili sai da takalmin roba mai dogon wuya da safar hannu.

Abin da bai yiwu ba: mun so kai yara cibiyar binciken gini da hanyoyi ta BRRI a Fumesua su ga yadda inji ke murƙushe dunƙulen gwaji mai milimita 150, kuɗin mota ya hana. Batun takardar shaida ma yana nan. Jarrabawar ƙwarewar sana'a da iyayenmu suka sani ta cibiyar koyar da sana'a ta ƙasa, NVTI, tun 1970, wadda ake gwada hannu ba alƙalami ba, ita muke so yaranmu su zauna, kuma tun 2020 hukumar CTVET ce ke kula da sha'anin shaidar sana'a. Kwamiti zai je ya jiyo sharuɗɗan rajista.

Ƙorafina ga wasu mastoci ne, da girmamawa. Kun sa hannu a bara, amma Asabar ta yi ku ce akwai zubi a wajenku, yaro ba zai zo ba. Wasu yaran kuma tun daga Tafo suke takowa, ko na koko da ƙosai ba a ba su ba. Da azumi mun mai da horo bayan asuba, ya yi kyau ƙwarai, za mu maimaita.

Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji kafin taro. Wanda kuma ya ari akwatin awo na biyu tun kafin babbar salla, don Allah ya dawo da shi, Asabar mai zuwa akwai sababbin yara.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya