Wasiƙa a kan tsohuwar Geha

Assalamu alaikum mutumina,

Ina fata kana lafiya, da Inna da amarya da yara. Shirun ya yi yawa, amma yau dole na rubuto.

Ka tuna dattijon maƙwabcina a nan Amurka, mai son farauta kamar Baba? Zai koma gidan 'yarsa, ya ce in sayi tsohuwar bindigarsa ta harbin tsuntsu. Ina ɗaukarta na ji warin man nan, sai adakar Baba ta faɗo mini a rai. A jikin ƙotar an kafa wani ƙarfe kamar kwabo, an rubuta Geha.

Allah ya sa kafin in harba na kai ta wajen mai gyaran bindiga. Ashe Mauser ce ta sojan Jamus, ƙirar 1898. Da yarjejeniyar 1919, ta bayan Yaƙin Duniya na Farko, ta rage sojansu zuwa 100,000, sai bindigogi suka yi kwantai, aka riƙa rarake su ana mayar da su na farauta masu cin harsashi biyu. Ya zaro sakatar, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi a ciki, ya nuna mini. Haƙoran gaba biyu da ke kulle ta, rarakewar ta cinye abin da suke kamawa, na baya ɗaya ne kawai ke riƙe da ita. Kan sakatar kuma ɗora shi aka yi, yana iya faɗuwa cikin ciyawa ba ka sani ba. In ka ja kunama a haka, wutar fuskarka za ta nufo. Jikina ya yi sanyi.

Af, wai da gaske ka sake shiga kiwon zabi? Kai da ko kaza ba ta kwana uku a hannunka! Yaya ce ta tsegunta mini.

To, mai gyaran ya auna gurbin harsashin, milimita 65 ne, na kanti yanzu kuwa 70. Yana shiga lafiya lau, nan ne ma haɗarin, don sai an harba bakinsa ke buɗewa ya rasa wuri, matsin ya ƙaru. Kuɗinta ma ba yawa, masu tara kayan tarihi Mauser ɗin da ba a taɓa ba suke nema. Na saye ta duk da haka saboda dattijon, amma ba zan harba ba.

Don Allah ka leƙa gidan Kawu. Waccan bindiga mai sakata da ya gada, kada yaran su ɗura mata komai sai wanda ya san aikin ya duba. Ka gaida liman, ka faɗa mini yadda aka ƙare da maganar filin.

Naka har kullum.