Labaran soyayyar komawa zamanin da, da hanyar Gwanja da muka manta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi tsokaci a kan wani nau'in labaran soyayya da ya fara shiga ran 'yan matanmu a nan Legas, musamman masu karanta Turanci a waya. Ni malamar makaranta ce a Agege, kuma ƙanwata da ke zaune a wurina ce ta jawo hankalina, domin wani dare da aka ɗauke wuta na iske ta a bakin ƙofa, hasken waya a fuskarta, sauro yana cizon ta ba ta ko kula ba, tuwonta kuma ya huce a kwano. Da na yi mata magana sai ta ce, "Yaya, ki bari in ga ko za ta koma zamaninta ko za ta zauna da shi."

Na karɓi wayar na karanta guda biyu, na tarar tafiyarsu ɗaya ce. Budurwa ce ta wannan zamani, ma'aikaciyar jinya a wani birnin Amurka, sai ta taɓa tsohon agogon kakarta, ta farka ta tsinci kanta shekara 150 baya, cikin ayarin masu ƙaura zuwa yammacin ƙasar a amalanken shanu mai rumfa, inda wani saurayi mai doki, marar yawan magana, zai cece ta daga hatsari har so ya ƙullu. Ban ga laifin ƙagen ba, domin mu da muka tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba mu taɓa tambayar yadda aka yi gizo ya iya magana ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda marubutan suka wanke wancan zamani tas, suka shafa masa turare.

Hanyar Oregon da suke yawan ambata ta kai kimanin mil 2,000 daga garin Independence na jihar Misuri zuwa kwarin Willamette, kuma ayari kan yi wata huɗu zuwa shida a kanta, yawancin mutane a ƙasa suke takawa saboda kaya sun cika amalanke. Cuta, musamman kwalara, ita ce ta fi kashe matafiya, aka riƙa binne su a gefen hanya ana wucewa. A filayen da babu itace, mata busasshen kashin ɓauna suke tsinta su hura wuta, kamar yadda ake yi da kashin shanu a wasu ƙauyukanmu, amma ban ga jarumar ko ɗaya daga cikin labaran ta sunkuya ta ɗauki wannan makamashi ba. Gaskiya ne cewa dokar da shugaba Abraham Lincoln ya sa wa hannu a 1862 ta ba mutum ƙasar noma eka 160 idan ya zauna ya noma ta shekara biyar, har mace marar aure tana iya nema da sunanta, sai dai ƙasar da ake rabawar tana da masu ita tun asali. Tun 1830 aka yi dokar tashin ƙabilun asali daga yankunansu na gabas, kuma a 1838 aka tasa ƙabilar Cherokee a gaba zuwa yamma, dubbai suka mutu a hanya. A labaran da na karanta, mutanen nan inuwa ce kawai a kan tudu, aikinsu su firgita budurwa domin saurayi ya samu dalilin riƙe hannunta.

Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na ga wata marubuciyarmu ta fara sakin irin wannan labari da Hausa a WhatsApp, ta jefa Bahaushiya cikin makiyayan Texas. Ina tambayar ta da sauran marubutanmu, me ya kai mu aron hanyar wasu alhali muna da tamu? Kakanninmu fatake sun yi ta tashi daga Kano da Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su yi watanni kafin su isa Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Gana ta yau, su komo da goro a kwanduna, an lulluɓe shi da ganye ana yayyafa masa ruwa kada ya bushe. Akwai madugu, akwai jagaba, akwai zango da 'yan fashi da ƙetare kogi. Unguwar nan tamu ma goro ne ya tara Hausawa a cikinta, musamman bayan layin dogo ya isa Kano a 1911. A ce wata ma'aikaciyar jinya daga Idi-Araba ta farka cikin irin wannan ayari, ta san ruwan gishiri da sukari yana ceton mai amai da gudawa, ga shi babu sukarin, kuma babu namijin da zai saurari yarinya a gaban madugu. Ai wannan kaɗai ya isa babi uku.

Amma duk wadda za ta rubuta shi kada ta maimaita laifin da nake zargin Amurkawa da shi. Salaga kasuwar bayi ce kamar yadda take kasuwar goro, kuma cikin masu ɗaukar kayan ayari akwai waɗanda ba da son ransu suke tafe ba, don haka babu tabbacin jarumar za ta farka a matsayin 'yar madugu, tana iya farkawa da igiya a wuya. Na faɗa wa ƙanwata wannan shawara, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce za ta karanta idan an rubuta, da sharaɗin madugun ya zama saurayi, kada a kawo mata dattijo mai mata huɗu.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar makaranta,
Agege, Legas.