Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kakakin Majalisar Dokokin Jiharmu

Mai girma Kakaki, ranka ya daɗe.

Na rubuto ne a matsayin wanda ya bi layi ya kaɗa ƙuri'a, kuma yake son majalisar nan ta yi ƙima a idon mutane. Mun saba auna ɗan majalisa da yawan rijiyoyin burtsatse da baburan da ya raba a mazaɓarsa. Ban raina wannan ba. Amma ba don shi aka rantsar da ku ba.

Aikin naku na gaskiya yana ɗakin kwamiti, inda babu kyamara kuma babu masu tafi. Sashe na 125 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha zai miƙa muku rahotonsa, kwamitin da ke kula da asusun gwamnati kuma ya zauna a kai. A cikin waɗannan shafuka ne ake ganin makarantar da aka biya kuɗin gininta amma yara na zaune a ƙasa, da asibitin da aka ce an kai wa magani. Sashe na 128 ya ba ku ikon bincike, na 129 kuma ya ba ku ikon gayyato duk wanda ya kamata ya yi bayani, ko kwamishina ne. Wane ne a cikinku yake hana idonsa barci ya karanta rahoton nan? Shi nake so mu sani, mu yaba masa, domin irinsa ba ya samun ko godiya.

A da ana kawo uzurin cewa kuɗin majalisa yana hannun gwamna, kuma bakin da ya ci shi ke godiya. An gyara kundin a 2018, aka sake ƙarfafa gyaran a 2023, domin majalisun jihohi su riƙe kuɗinsu. Ma'aikatan majalisa har yajin aiki suka yi a 2021 kan wannan. Yanzu idan kasafin kuɗi ya shigo yau ya fita jibi ba tare da an ji ta bakin jama'a ba, sai a ce da ku 'yan amshin shata, kuma wallahi hakan yana yi mini ciwo.

Roƙona kaɗan ne, ranka ya daɗe. Sashe na 104 ya wajabta muku zama na aƙalla kwana 181 a shekara. Ka sa Akawun Majalisa ya riƙa wallafa rajistar halarta, mu san wanda ya zo da wanda ya bar kujerarmu babu kowa. Sannan kafin ku amince da kasafin baɗi, ku buɗe zaman jin ra'ayin jama'a, a yi shi da harshen da muke ji, a kuma sanar da ranar a rediyo tun da wuri. Zan zo, in Allah ya yarda.

Naka,
Wani ɗan jiha mai kaɗa ƙuri'a