Wasiƙar godiya ga masu sayar mini da kayan aiki: kun cika alkawarin garanti

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga maigidan kamfanin da nake sayen sufanu da sauran kayan aikin hannu a wurinsa, da samarin da ke tsaye a kan kanta, da kuma dattijon nan da ke zaune a ɗakin gyara na baya.

Hausawa suka ce yaba kyauta tukwici. Da na ga dama, da sai in tako in yi muku godiya baki da baki, magana ta ƙare a nan. Na zaɓi in yi ta a bainar jama'a ne saboda abokan sana'ata, waɗanda kullum tambayarsu ɗaya ce: shin waɗannan kayan da ake shigo da su daga waje, masu tambarin da ba wanda ya san shi, suna da ƙarko? In sun lalace wa za a kama? Ba zan ambaci sunanku ba, don ban nemi izininku ba, kuma ba talla aka sa ni ba. In kun karanta za ku gane kanku.

Ni makanike ne, na haura shekara 20 ina wannan sana'a. Ranar da na fara shiga wurinku, shekara shida ke nan, jerin sufanu na zo nema na wani kamfanin Jamus da kowa ya sani. Kuna da su, amma kuɗina bai kai ba. Ina shirin juyawa sai ɗaya daga cikin samarinku ya ce, "Maigida, tsaya ka ga wani abu." Ya ɗauko mini wasu sufanu ƙirar Taiwan, masu sunan da ban taɓa ji ba ko a hira. Raina bai kwanta ba, kuma ina da dalili. Na sha sayen sufana mai ƙyalli kamar madubi, ranar farko da ta gamu da notin da ya yi tsatsa sai bakinta ya wage, ta zame, ta cinye kusurwoyin notin. Duk wanda ya taɓa kwana a kan noti ɗaya da kansa ya mulmule ya san irin wannan takaici. Na ce wa yaron araha ba ta ado, ya bar ni in tafi.

Bai yi musu da ni ba. Noti ya ɗauko mai lamba 17, ya sa sufanar a kai, ya miƙo mini ya ce in girgiza in ji. Ta zauna daram, babu wasa tsakaninta da notin. Sai ku, ranka ya daɗe, kuka fito daga ofis kuka yi mini bayanin da har yau nake maimaita wa yarana a gareji. Kuka nuna mini haruffan Cr-V da aka buga a jikin sufanar, kuka ce alama ce ta ƙarfen da aka gauraya da kuromiyam da banadiyam, amma kada in sake in dogara da ita ita kaɗai, domin duk wanda ke da injin buga tambari zai iya buga ta a jikin kowane irin ƙarfe. Abin da ke raba sufanar kirki da ta banza, kuka ce, yana wurin ƙira da gashi. Ta kirki ana dukan ƙarfenta ne yana ja zur a cikin mazubi har ya ɗauki siffa, sannan a gasa shi a tsoma, a sake ɗumama shi daidai gwargwado. In gashin ya wuce kima sai ta yi tauri ta riƙa karyewa kamar kwalba, in bai kai ba sai ta yi laushi bakinta ya buɗe. Ido ba ya ganin wannan a kan kanta. Shi ya sa, kuka ce, dole a samu wanda zai ɗauki alhaki in abin bai yi ba, kuma ku ne wannan mutumin.

A ranar ne kuma na fara jin cewa yankin Taichung na Taiwan cike yake da masana'antun kayan aikin hannu, har kamfanoni masu suna a duniya suna ba da kwangilar ƙera musu wasu kayansu a can. Jamus na da Remscheid da Wuppertal, Indiya na da Jalandhar da Ludhiana, Japan na da Sanjo. A kowace ƙasa akwai masu yin na ƙwarai, akwai masu yin na jeka-na-yi-ka. Sunan ƙasa shi kaɗai ba ya tabbatar da komai. Na sayi sufanun nan ina ɗar-ɗar. Suna nan har yau, daga lamba 8 zuwa 24, ƙyallinsu ya dushe amma babu wadda bakinta ya motsa.

Abu na biyu da ya sa na riƙe ku shi ne samuwar kaya, kuma mutane da yawa ba sa kula da muhimmancinsa sai ya ci su. Babbar cutar tambarin da ba a sani ba ita ce ɓacewa. Wani ya shigo da kwantena ɗaya, kayan su yi kyau, su ƙare, shi ke nan ba za ka sake ganin irinsu ba, sai wani sabon suna a cikin sabon kwali. Kai kuma da ka sayi akwati guda, ran da soket mai lamba 10, wato ɗan kofin ƙarfen da ake kifawa a kan noti don a juya shi, ya faɗa cikin injin ya ɓace, kamar yadda ya saba yi a kowane gareji, sai a ce maka ba a sayar da ɗaiɗai, sai dai ka sake sayen akwatin gaba ɗaya. Ku kuwa shekara shida kuna kan kamfanonin da kuka fara da su, kuma kuna sayar da ɗaiɗai. Sau uku ina sayen lamba 10 a wurinku, kowanne ya shige gurbinsa a akwatina cif. Ran da na nemi dogon soket mai lamba 21 babu, kun gaya mini gaskiya cewa sai oda ta gaba, kun rubuta sunana, da ya iso kuka kira ni.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Akwai racet, wato mariƙin da ake maƙala wa soket a riƙa juya noti ba tare da an ɗaga shi ba, mai kan rabin inci da na saya a wurinku, mai haƙora 72. Ina ƙaunarta domin da ɗan motsi na digiri 5 take kama haƙori na gaba, alhali tsohuwata mai haƙora 36 sai an juya ta digiri 10, kuma a lungun injin da hannu da ƙyar yake shiga wannan bambancin ba ƙarami ba ne. Bayan shekara uku tana aiki kusan kullum, sai ta fara zamewa. Wata rana ina jan noti ta sake ni, bayan hannuna ya daki ƙarfe. A jikin kwalinta an rubuta garanti na har abada, amma na san yadda irin wannan rubutun yake ƙarewa. Kamfanin yana can ƙetaren teku, kuɗin aika masa da ita ya fi kuɗinta, wanda ya sayar maka kuma sai ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ma sarowa ya yi. Na kawo muku ita ne kawai don kada in ce ban gwada ba, ko rasit ɗin ma ban samu ba.

Ba wanda ya tambaye ni rasit. Kun buɗe littafinku kuka ga ranar da na saya. Aka kai ni wurin Baba a ɗakin baya. Ya kwance sukurori biyu, ya ɗaga murfin kan racet ɗin, ya kira ni in leƙa. Ya nuna mini ɗan harshen ƙarfen da ke kama haƙoran, bakinsa ya cinye, da ɗan sifirin ɗin da ke tura shi, ya saki. Ya jawo aljihun tebur, sai ga ƙananan ledoji jere, kowacce da kayan cikin racet na girma dabam. Ya wanke kan tas, ya sa sabbi, ya ɗiga mai kaɗan. Har ya gargaɗe ni kada in cika mata giris mai kauri, domin yana riƙe harshen ya hana shi zama sosai a cikin ƙananan haƙora. Ban kai rabin awa ba na fito da racet ɗita tana ƙara ƙas-ƙas kamar sabuwa, ko sisi ba a karɓa ba. Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Wannan aljihun tebur naka, a wurina, shi ne garantin. Wani ya zauna tun kafin kayan su lalace ya yi tunanin cewa za su lalace, ya kashe kuɗi ya yi odar kayan gyaransu, ya ajiye yana jiran ranar.

Akwai kuma ranar da kuka hana ni, ita ma ina gode muku a kanta. Wani yarona ya sa soket na hannu, irin mai ƙyallin nan, a bakin bindigar iska, wato injin kwance noti mai aiki da iska, don kwance notin taya, sai ya tsage. Na kawo ina sa ran canji. Kuka duba gindinsa, kuka nuna mini yadda dukan bindigar ya lotsa ramin mai kusurwa huɗu, kuka ce wannan bai shiga garanti ba, kuma tun ranar saye an gaya mini haka tare da sauran sharuɗɗan: ba a zura wa sufana fayif don ƙarin ƙarfi, ba a dukanta da guduma, ba a mai da sukundireba kurfi. Na ji zafi a ranar, ba zan ɓoye ba. Amma gaskiya kuka faɗa. Soket na bindiga daban yake, baƙi ne, bangonsa da kauri, galibi da ƙarfen Cr-Mo, mai kuromiyam da molibdenam, ake yin sa don ya jure duka ba tare da ya tarwatse ba. Da ɓarin wancan ya yi tsalle, da idon yaron nan ake magana. Kuma da kuna canza wa kowa duk abin da ya karya da ganganci, da garantin bai kai ga irina da racet ɗita ta gaji da gaske ba.

Ban manta da maganar filayar nan ba. Wani zubi da kuka shigo da shi ya zo da aibu, bakin yankan yana ɓarewa a kan wayar da bai kamata ta gagare shi ba. Tawa ko fara ba ni matsala ba ta yi ba, sai ga kiranku, wai in dawo da ita a canza mini ko a mayar mini da kuɗina. Daga baya na lura kun daina kawo filayar wannan kamfanin kwata-kwata, kun ci gaba da kawo sufanunsa. Na fahimci cewa kaya kuke aunawa ɗaya bayan ɗaya, ba ku ɗauka cewa wanda ya iya sufana dole ya iya filaya ba.

Wani abokina mai aikin lantarki ma ya ce in sa godiyarsa a ciki. Ya zo neman sukundireba na aiki kusa da wuta, ya ɗauki wani mai jan mariƙi. Samarinku suka karɓe suka ce wannan launi ne kawai. Suka nuna masa na gaskiyar, mai rubutun 1000 V da lambar IEC 60900 a jikinsa, irin wanda ake gwada kowane ɗaya da wuta mai ƙarfin bolt 10,000 kafin ya bar masana'anta. Ba su da girman da yake so a ranar, suka bar shi ya tafi hannu rabbana maimakon su sayar masa da abin da zai iya halaka shi.

Tunda an saba, ina da roƙo guda biyu. Na farko a kan sufanar awon ɗauri ne, wadda muke ɗaure kan injin da ita. Wadda na saya a wurinku ta zo da takardar gwaji mai ɗauke da lambarta, kuma ina bin shawararku, ina mayar da ita kan awo mafi ƙanƙanta duk ran da na gama aiki don sifirin ɗinta ya huta. Sai dai ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 6789 ta nuna a sake gwada irinta bayan wata 12 ko bayan amfani sau 5,000, kuma tawa ta daɗe da wuce wannan. Da za ku samo na'urar gwajin ku ajiye wa Baba a ɗakinsa, mu da yawa za mu riƙa kawowa muna biya da murna. Na biyu, ku taimaka ku riƙa kawo sukundireba irin na JIS, wato na ma'aunin masana'antun Japan. Sukurorin da ke jikin babura da motocin Japan da yawa, musamman masu ɗan ɗigo a ka, da wannan ma'aunin aka yi su, kuma na Phillips, mai bakin giciye da aka saba da shi, da muke sa musu yana yawan zamewa ya lalata kansu.

Allah ya ƙara kasuwa, ya tsare dukiya, ya yi wa samarinku albarka. A gaida Baba. Zan shigo mako mai zuwa in Allah ya yarda, yaran sun sake ɓatar da lamba 10.

Naku,
Wani makanike daga cikin kwastomominku.