Sanarwa ga ƴan rukuni: zaman sanin aikin ƙaramar hukuma

Assalamu alaikum iyayenmu, yayye da ƙanne.

Ranar Lahadi bayan sallar La'asar za mu fara zaman wayar da kai a makarantar Islamiyyar unguwarmu nan Agege, kan yadda ƙaramar hukuma ke aiki. Da Hausa za a yi, kuma kyauta ne.

Abin ya daɗe yana damuna. Kwata ta toshe, ruwa ya shiga shaguna, sai mu yi ta kiran sunan gwamna, alhali magudanun ruwa na cikin unguwa, kasuwanni da ƙananan tituna aikin ciyaman da kansila ne. Mu nawa ne muka san sunan kansilan mazaɓarmu? Ga mai yanka rasit kullum a bakin rumfa, muna biya, ba mu taɓa tambayar asusun da kuɗin ke shiga ba.

Legas tana da ƙananan hukumomi 20, sai yankunan raya ƙasa 37 da ake kira LCDA, jimilla 57. Zaɓensu hukumar jiha, LASIEC, ke shirya shi, amma katin zaɓe na INEC ake amfani da shi. Za a kuma yi bayanin hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce a tura wa ƙananan hukumomi kasonsu na kuɗin asusun tarayya kai tsaye.

Iyayenmu mata, an ware muku wuri, don Allah ku zo. Ƴan kasuwa, kowa ya taho da rasit ɗinsa, za mu duba su tare.